Ƙauye ɗaya, hukumomi barkatai: bin sawun kakanni a takardun Eyam ta Ingila

Wanda ya gano cewa kakan kakansa mutumin Eyam ne, wani ƙauye a tsaunukan lardin Derbyshire da ke tsakiyar Ingila, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya je can ya tambaya. Zai tarar da coci, da maƙabarta, da ɗan gidan tarihi da 'yan yawon buɗe ido ke cikawa. Takardun da yake nema kuwa ba sa nan. Tsofaffin littattafan baftisma da aure da jana'iza suna Matlock. Wasiyyar kakan, in ya bar wasiyya, tana Stafford, a wani lardin daban. Takardar haihuwa ta gwamnati sunan Bakewell take ɗauke da shi, kuma daga babban ofishin rajista da ke Southport ake neman kwafinta. Takardun ƙidaya suna Kew, a gefen Landan. Ƙauyen yana nan inda yake tun lokacin da ma'aikatan Sarki William suka rubuta shi a babban kundin filaye na 1086. Hukumomin da ke kansa ne suka yi ta sauyawa, kuma kowacce in za ta kau, da takardunta take kauwa.

Saboda haka tambayar da masu wannan bincike ke fara yi ita ce: a shekarar da abin ya faru, wa ke da iko da wannan al'amari a wannan wuri? Mu ma mun san irin wannan. Mutumin Haɗeja da aka haifa kafin 1967 a lardin Kano aka haife shi, ɗansa a jihar Kano, jikansa na bayan 1991 a Jigawa, alhali duk a gida ɗaya aka yanke musu cibiya, kuma mai neman fayil ɗin zamanin En'e sai ya dangana da gidan adana takardu na Kaduna. Na Ingila ya fi wannan sarƙaƙiya ne kawai domin ya fi daɗewa, kuma domin coci da gwamnati sun shafe ɗaruruwan shekaru suna aiki da iyaka ɗaya kafin su raba gari.

Ginshiƙin komai shi ne farish, wato gundumar coci: yanki mai coci ɗaya da limami ɗaya, wanda mazaunansa ke biyan ushirin amfanin gonarsu don riƙe limamin, a nan ake yi musu baftisma, a nan ake binne su. Irin waɗannan tsofaffin gundumomi sun kai wajen 11,000 a Ingila da Wales. A kudu yawanci ƙauye ɗaya ne farish ɗaya. A arewa da ƙasar tsaunuka, inda mutane ke warwatse, farish ɗaya kan haɗa ƙauyuka da dama. Ta Eyam, mai cocin Saint Lawrence, ta haɗa Eyam kanta da Foolow da wani yanki mai dazuzzuka da ake kira Eyam Woodlands. Stoney Middleton kuwa, wadda ke gangare kaɗan, tafiyar ƙafa ta 'yan mintoci, ba ta ciki: ita ƙaramar majami'a ce a ƙarƙashin Hathersage, wadda ta fi nisa. Mutum ya ƙaura daga gidan uba zuwa gidan suruki, tazarar da ba ta kai kilomita biyu ba, shi ke nan ya fita daga littafi ɗaya ya faɗa wani. Iyalai da yawa da masu bincike ke cewa sun ɓace, iyaka kawai suka tsallaka.

A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'izar da aka yi a cocinsa. Kowace Lahadi za a cika littafin a gaban ɗaya daga cikin dattawan da ke kula da coci, a mayar da shi akwati mai makulli biyu, mabuɗi ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun dattawan. Mutane sun yi zargin hanyar sabon haraji ce, kuma limamai da yawa a warwatsattsun takardu suka riƙa rubutawa. Sai a 1598, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka ce a koma littafin fata, a kwafe tsofaffin bayanai a ciki, musamman daga farkon mulkinta. Masu kwafa da yawa suka riƙe wannan ƙarshen maganar suka bar na baya, shi ya sa littattafai masu yawa daga 1558 suke farawa. Na Eyam ma bai kai nan ba. Wanda ya tsira daga 1630 ya fara. Abin da ya gabaci haka, ruwa ko ɓera ko sakaci ya ci.

Wannan umarni na 1598 ya zo da wani abu da ya ceci masu bincike da yawa: kowace shekara a aika wa bishop, wato babban limamin da ke kan limaman yankin, kwafin abin da aka rubuta. In littafin ƙauye ya yage ko tawada ta dushe, akwai na biyu. Amma wane bishop? Ga Derbyshire amsar ita ce na Lichfield, wani gari a lardin Staffordshire, domin duk lardin Derbyshire yana ƙarƙashin wannan dayosis, wato yankin ikon bishop, tsawon ƙarnoni. A 1884 aka mayar da shi sabuwar dayosis ta Southwell, a 1927 Derby ta samu tata. Tsofaffin kwafin ba su bi waɗannan sauye-sauye ba, suka yi zamansu a Lichfield, har zuwa 2018 da aka rufe gidan adana takardu na can aka kwashe su zuwa Stafford. Kwafin da littafin asali ba kullum suke daidai ba. Wani lokaci mai kwafa ya tsallake layi, wani lokaci shi ne ya ƙara sana'ar uba ko sunan unguwa. Mai hankali yakan duba duka biyun.

An san Eyam a duniya ne saboda annobar 1665 zuwa 1666, kuma babu inda ake ganin ƙarfin littafin coci da rauninsa kamar nan. Ranar 7 ga Satumba 1665 aka binne George Viccars, mai aiki a gidan wani tela. Labarin da aka gada ya ce ƙunshin yadi ne daga Landan, inda annobar ke ci, ya zo da ƙuma. Cutar ta lafa da hunturu, ta dawo da ƙarfi da zafi ya shigo. Limamin garin, William Mompesson, ya haɗa kai da Thomas Stanley, tsohon limamin da aka tuɓe a farkon shekarun 1660 saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da hukuma ta shimfiɗa, suka shawo kan mutane a kan kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka, wani daga mai sarautar Devonshire da ke Chatsworth. Har yau akwai wani dutse tsakanin Eyam da Stoney Middleton mai ramuka a kansa, inda ake cewa sukan zuba kuɗi cikin ruwan tsami don mai kawo kaya ya ɗauka. An daina sallar coci a cikin gini, aka koma wani kwari a fili. Kowane gida ya riƙa binne nasa. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta 1666 wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida a gefen gonarsu a Riley. Matar Mompesson, Catherine, ita ma a wannan watan ta rasu. Zuwa farkon Nuwamba, mutum kusan 260 sun tafi.

Sunayen nan duk daga littafin jana'iza aka same su, rana bayan rana, har da waɗanda ba a kai su maƙabartar coci ba. Amma littafin bai faɗi mutum nawa ne a garin ba kafin annoba, kuma a nan aka daɗe ana jayayya. William Wood, wani ɗan garin da ya rubuta tarihinsa a ƙarni na 19, ya ce mutanen ba su wuce 350 ba, wato kusan garin duka ya ƙare. Masu bincike na baya suka je wata takarda da ba ta coci ba: jerin harajin murhu, wanda gwamnati ta ɗora daga 1662 zuwa 1689, sule biyu a shekara kan kowane murhu. Jerin 1664 ya nuna gidaje wajen 160, abin da ke nufin mutane sun kusa 800. In haka ne, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Masifa ce babba duk da haka, amma hoton ya canza, kuma mai karɓar haraji ne ya canza shi, ba limami ba.

Akwai wani tarko a cikin waɗannan shafuka da ke kama sababbin shiga. Wanda aka rubuta an binne shi a Fabrairu 1665, mutuwarsa ta zo ne bayan ta George Viccars, ba kafinta ba. A Ingila ta wancan zamani sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka Janairu da Fabrairu da mafi yawan Maris a ƙarshen shekara suke. Sai a 1752 aka mayar da farkon shekara 1 ga Janairu, kuma a Satumbar wannan shekara aka tsallake kwana 11: aka kwanta 2 ga wata, aka tashi 14. Mutum zai ga an ɗaura aure a Mayu 1700, an yi wa ɗan fari baftisma a Fabrairu 1700, ya fara zargin kakarsa a banza, alhali wata tara cif ne a tsakani.

Abin da ke cikin kowane layi ma doka ce ke yanke shi, kuma dokar ta yi ta canzawa. Na farko-farko, sau da yawa da Latin, suna ne da kwanan wata kawai, in an yi sa'a da sunan uba; uwa ba ta cika fitowa ba. Lokacin yaƙin basasa na shekarun 1640 da mulkin babu sarki da ya biyo baya, littattafai da yawa sun yi giɓi, a 1653 ma an karɓe aikin daga hannun limamai an ba wani ma'aikaci da ake zaɓa, aure kuma ya koma gaban alƙalan sulhu har zuwa dawowar sarauta. Daga 1678, domin a tallafa wa masu sana'ar ulu, aka tsaurara dokar da ta ce da likkafanin ulu kawai za a binne mamaci, a kawo shaidar rantsuwa cikin kwana takwas ko a biya tarar fam 5. Daga 1783 zuwa 1794 aka ɗora harajin taro a kan kowane layi da aka rubuta, ban da na matalauta. Nan take wasu iyaye suka jinkirta baftisma, wasu limamai masu tausayi kuma suka riƙa rubuta mutane a matsayin matalauta. Wanda ya ga wannan alama a gefen sunan kakansa a waɗannan shekaru kada ya yi saurin yanke hukunci.

Dokoki biyu ne suka fi gyara lamarin. Ta aure, wadda ta fara aiki a Maris 1754, ta ce aure ba ya ɗauruwa sai a cocin hukuma, bayan shela ko lasisi, gaban shaidu biyu, a littafi na daban da ango da amarya za su sa hannu ko su yi alama; Yahudawa da mabiya ɗariƙar Kwaika kaɗai aka ware. Daga nan ake fara ganin farish ɗin da kowannensu ya fito, da sunayen shaidu, waɗanda galibi dangi ne. Ta 1812 kuma ta kawo littattafai bugaggu masu gurabe daga 1813: sunan uba da uwa, mazauni, sana'a, da shekarun mamaci. Duk da haka a tuna, ranar baftisma aka rubuta ba ranar haihuwa ba, kuma akan kawo yara uku na gida ɗaya a yi musu rana ɗaya.

Sai dai a ganina, littafin coci ba shi ne mafi daɗin abin da ke cikin akwatin farish ba. Tun zamanin gidan sarautar Tudor, wato gidan su Henry na Takwas da Elizabeth ta Ɗaya, gwamnati ta ga cewa tana da wata ƙungiya a kowane lungu wadda ba sai ta biya ta albashi ba, sai ta yi ta ɗora mata kaya. A 1555 gyaran hanya ya koma wuyan farish, kowane magidanci da kwanakin aikin gayya da zai yi a shekara. A 1601 aka ɗora mata kula da matalauta: taron masu biyan haraji zai fitar da mutane biyu ko fiye kowace shekara, su tara kuɗi daga masu gida da gona, su ciyar da tsofaffi da marayu, su sa yara koyon sana'a. Manomi ne ko mai shago ake ɗora wa wannan aiki, ba ya so, ba a biyansa, kuma dole ya kawo lissafi. Lissafin nan shi ne taska: takalmi ga ɗan wance, gawayi ga gwauruwa wance, kuɗin unguwarzoma, kuɗin akwatin gawa.

Da yake kowace farish da kuɗinta take riƙe nata matalauta, babbar tambaya ta zama: wannan matalaucin na wa ne? Dokar 1662 ta ce kowane mutum yana da farish ɗaya da ke da alhakinsa, kuma baƙon da ake jin zai zama nauyi ana iya mayar da shi can, sai fa in yana hayar wurin da ya kai fam 10 a shekara. Daga baya aka fayyace hanyoyin samun wannan haƙƙi: koyon sana'a a wurin, ko aikin shekara guda cur a gidan mutum ɗaya, ko biyan harajin wurin, ko riƙe muƙami. Mace na mijinta take bi. Ɗan da aka haifa ba aure, na inda aka haife shi ne. Ana iya hasashen abin da ya biyo baya. Masu gona suka koma ɗaukar barori aikin mako 51, a sallame su mako ɗaya kafin shekara ta cika. Mace mai ciki marar miji akan yi ta tura ta gaba don ta haihu a ƙetaren iyaka, ko a titsiye ta gaban alƙali ta faɗi mai cikin, a sa shi ya sa hannu zai ɗauki nauyin yaron, ko a ɗaura musu aure ko ba sa so. Daga 1697 mai karɓar tallafi sai ya ɗinka alama a kafaɗar rigarsa, harafin P da harafin farko na sunan farish ɗinsa. Gundumomi biyu kan kai juna kotun lardi a kan tsoho ɗaya, su kashe wa lauyoyi abin da ya fi kuɗin ciyar da shi.

Tsari ne marar imani, kuma shi ne ya bar mana tarihin talakawa mafi cika. Kafin a kori mutum sai alƙalan sulhu biyu sun yi masa tambayoyi bisa rantsuwa, an rubuta: an haife ni a wuri kaza, ubana wane, ina shekara goma sha biyu aka kai ni koyon saƙa wurin wane, na yi aikin shekara a gonar wane kan fam kaza, na auri wance a coci kaza, 'ya'yanmu huɗu ga sunayensu da shekarunsu. Rayuwar mutum ce a shafi ɗaya, daga bakinsa. Attajiri ya bar wasiyya, matalauci ya bar wannan takarda, mai rufin asiri da bai taɓa neman taimako ba kuma bai tara abin rabo ba shi ne ya fi wuyar samu.

A nan Derbyshire tana da nata ƙulli. Wannan doka ta 1662 ta ambaci lardunan arewa da sunansu, har da Derbyshire, ta ce tunda gundumominsu manya ne, kowane ƙauye a cikin farish yana iya riƙe nasa matalauta. Ke nan mutumin Foolow a cocin Eyam za a yi masa baftisma, amma in ya talauce, ƙauyensa ne ke da alhakinsa, da nasa masu kula da nasa lissafi. Iyaka biyu sun fara bambanta tun daga nan, ta ibada da ta kuɗi.

Wasiyya kuwa, har zuwa Janairu 1858, kotunan coci ne ke tabbatar da ita. Ta mutumin Eyam kotun bishop na Lichfield take zuwa. Maƙwabta irin su Bakewell da Tideswell da Hope suna ƙarƙashin wata kotu ta daban, ta manyan limaman babban cocin Lichfield, don haka jerin sunayensu daban yake. Wanda ke da dukiyar da ta kai fam 5 a dayosis fiye da ɗaya, tasa takan wuce babbar kotun Canterbury da ke zama a Landan, kuma waɗannan suna Kew yanzu. Tsofaffin wasiyyoyi sukan zo da jerin kayan mamaci da maƙwabta suka yi wa kuɗi ɗaki bayan ɗaki: gado, tukwane, tumaki, bashin da ake binsa. Daga 1858 gwamnati ta karɓe aikin, aka samu jeri ɗaya na ƙasa baki ɗaya.

Sannan akwai hukumar da ba ta coci ba, ba ta gwamnati ba. Eyam garin haƙar dalma ne, kuma masu haƙar dalma a wannan yanki suna da kotunsu ta gargajiya, Barmote, wadda wani bincike na sarki ya tabbatar da al'adunta a Ashbourne tun 1288. Jami'inta ne ke auna wa mutum ramin da ya gano, ya rubuta masu hannun jari, ya auna abin da aka haƙo don fitar da rabon mai ƙasa. Mutumin da littafin coci ya kira mahaƙi kawai, a littafin wannan jami'i za a ga ramin da ya yi aiki da abokan da suka haɗa jari. Ga manoma, taswirar ushiri ce: dokar 1836 ta mayar da ushiri kuɗi maimakon dami, aka zana gonaki ɗaya bayan ɗaya da lamba, da sunan mai ita da na mai nomanta, aka yi kwafi uku, na farish, na dayosis, na Landan.

Shekarun 1830 ne suka karya ikon farish. Dokar 1834 ta haɗa gundumomi rukuni-rukuni a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai babban gidan tsare matalauta, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, a ba su aiki mai wuya da gangan don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Eyam ta faɗa haɗakar Bakewell, wadda aka kafa a 1838. Ginin gidan yana nan, daga baya ya zama asibiti. Da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Yuli 1837, sai ta ɗora yankunan rajista a kan iyakokin waɗannan haɗakoki. Shi ya sa babban jerin ƙasa zai ce an haifi mutum a Bakewell, alhali yankin rajista ake nufi, mai ƙauyuka da dama. Sai an sayi takardar kanta ake ganin Eyam ko Foolow. Tsoho ɗan Eyam da ya ƙare rayuwarsa a gidan matalauta, a Bakewell mutuwarsa za ta fito. Kuma kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa ba, don haka wasu yaran sun zame. Takardar aure kuwa sunan uba kawai ta riƙa nema. Sai a 2021 aka buɗe wa uwa gurbi.

Ƙidaya ta bi wannan sawu. An fara ta a 1801, amma sai ta 1841 ta rubuta sunan kowa, ita ma ta rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 44 ya zama 40, kuma abin da ta tambaya kawai shi ne ko a wannan lardi aka haife ka. Ta 1851 ce ta fara neman farish ɗin haihuwa, shi ya sa ta zama gadar da ake bi a koma littattafan coci. Amsar ba kullum take tsayawa wuri ɗaya ba: mutum ɗaya zai ce Foolow a wannan ƙidaya, ya ce Eyam a ta gaba, in ya ƙaura Sheffield ko Manchesta ya ce Bakewell domin ita mai tambaya zai gane. Ba ƙarya ya yi ba ko sau ɗaya.

A 1866 doka ta ce duk wurin da ke tara harajin matalauta nasa ya zama farish ta mulki, dabam da ta coci. Foolow da Eyam Woodlands suka zama masu zaman kansu a takardun gwamnati, coci kuwa tana ci gaba da nata lissafin. Daga nan kalmar farish abu biyu take nufi, kuma taswirorinsu ba sa hawa kan juna. A 1889 majalisun larduna suka fara aiki. A 1894 aka karɓe sauran harkokin mulki daga taron coci aka ba zaɓaɓɓun majalisun ƙauye, aka sa Eyam cikin gundumar karkara ta Bakewell. A 1930 aka rushe haɗakokin matalauta, takardunsu suka koma hannun lardi. A 1974 gundumar Bakewell ta narke cikin West Derbyshire, wadda aka sauya wa suna zuwa Derbyshire Dales a 1987. A wannan shekarar Eyam Woodlands ta daina zama farish, aka haɗe ta da maƙwabta aka yi Grindleford. Littattafan coci kuma, dokar coci ta 1978 ce ta sa aka kwashe mafi yawan tsofaffin daga akwatunan ƙauye masu danshi zuwa gidajen adana takardu na larduna.

Yau da yawa daga cikin waɗannan suna intanet, a FamilySearch da Ancestry da Findmypast da FreeBMD, kuma sun sauƙaƙa aikin ƙwarai. Amma akwatin nema yana ɓoye duk wannan tarihi. Ka rubuta suna da gari, ya ce babu, sai ka ɗauka babu ɗin ne. Wataƙila iyalin sun koma Methodist, kamar yadda mahaƙa da yawa suka yi, baftismarsu tana littafin da'irar ɗariƙar ba na coci ba; tsofaffin irin waɗannan littattafai gwamnati ta tattara su bayan 1837, suna Kew, na baya kuma suna Matlock. Wataƙila mai kwafa ya karanta tsohon rubutu ba daidai ba. Lissafin masu kula da matalauta da takardun kora da na Barmote kuwa, mafi yawansu ba a jera sunayen da ke cikinsu ba, sai an zauna an buɗa shafi-shafi.

Ta ɓangaren zamani ma hanyar tana da rami. Ana rufe takardun ƙidaya shekara 100, don haka ta 1921, wadda aka buɗe a Janairu 2022, ita ce ta ƙarshe da za a gani nan kusa. Ta 1931 ta Ingila da Wales ta ƙone ƙurmus a wata gobara a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi. Abin da ya cike giɓin shi ne rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939 don raba katin shaida da na abinci, mai ɗauke da cikakkiyar ranar haihuwar kowa da sana'arsa. A cikinta, mazauna Eyam suna ƙarƙashin gundumar karkara ta Bakewell, kuma an rufe layin duk wanda ake jin yana raye har yanzu.